“Ni Ɗalibi Ne” Ba Amsa Ba Ce

 Tun ranar 1 ga Disamban 2024 da aka buɗe wa jama'a jirgin ƙasa na cikin birnin Riyad, wanda kowa ke kira metro, babu irin yabon da ban ji ba daga bakin mutanenmu. Kuma yabon bai faɗi ƙasa banza ba: layuka 6, tashoshi 85, tsawon kilomita 176, jirage marasa direba, ga sanyi, ga tsabta, sannan riyal 4 kacal kuɗin tafiyar awa biyu. Duk wanda ya san yadda kuɗin tasi ke lamushe alawus ɗin ɗalibi tun wata bai raba ba, ba zai raina wannan ni'ima ba. Sai dai akwai wata magana da muke yi ƙasa-ƙasa a ɗakunanmu bayan an ci an sha, wadda ban cika ganin ta a shafukan wannan mujalla tamu ba. Ita ce yadda ake kallon baƙar fata a cikin taragon, da kuma irin amsar da da yawa daga cikinmu suka saba bayarwa idan an taɓa su. Ta biyun ta fi damuna, amma bari mu faro daga ta farko.

Sai mutum ya san yadda aka gina Riyad kafin ya gane abin da ke faruwa a jirgin. Birnin da muke gani a yau an shata shi ne domin mota. A 1968 aka ɗauko wani Bagirke masanin tsara birane, Constantinos Doxiadis, ya zana taswirar da aka bi daga farkon shekarun 1970: manyan tituna miƙaƙƙu, unguwanni murabba'i, kowace tana nesa da 'yar'uwarta. Wanda ke son ƙarin bayani sai ya nemi littafin Pascal Menoret na 2014, Joyriding in Riyadh. Man fetur da arha, kowane gida da motarsa, mata kuwa ba a ba su izinin tuƙi ba sai a Yunin 2018, saboda haka gidaje masu hali suka dogara da direbobin da aka ɗauko daga ƙasashen waje. Bas a wancan zamani ta talakan baƙo ce. Waɗanda suka riga mu zuwa suna ba da labarin tsofaffin ƙananan bas-bas ƙirar Coaster da ake kira khaɗɗul balda, masu tashi daga Baɗha, cike da lebura da magina, waɗanda ɗan ƙasa mai mutunta kansa ba ya ko kallon inda suke. An daɗe da kawar da su, kuma tun Maris ɗin 2023 sababbin bas-bas na gari suka fara aiki.

Abin lura a nan shi ne, shekara da shekaru ɗan ƙasa yana haɗuwa da baƙo ne a matsayin direbansa, ko mai shara, ko mai jiran kanti, ko mai kawo saƙo. Haɗuwa ce ta mai ba da umarni da mai karɓa. In ka ɗebe sahun salla, da wuya ka sami wurin da kafaɗar wannan ke gugar ta wancan a matsayi ɗaya. Ƙidayar 2022 ta nuna mutum miliyan 32.2 ne a Saudiyya, miliyan 13.4 daga ciki baƙi ne, wato sama da kashi 41 cikin ɗari. Duk wannan taro ana zaune tare amma kowa da hanyarsa. Rana ɗaya metro ya zo ya zuba kowa a tarago guda, da kuɗi guda, ya ce a zauna.

Ni a unguwar Al-Ud nake zaune, a kudancin tsohon gari, saboda haya ta fi sauƙi a nan. Tashar Al-Ud tana kan Shuɗin Layi, wanda ya ratsa birnin daga arewa zuwa kudu, kuma ban san wani darasin ilimin zamantakewa da ya fi hawa wannan layi daga farko har ƙarshe ba. A can arewa akwai unguwar hada-hadar kuɗi ta Sarki Abdullah, da tasharta ta alfarma wadda kamfanin Zaha Hadid ya zana. Daga nan sai Ulayya da dogayen benayenta. Kana gangarowa kudu, ka wuce Baɗha da Ƙasrul Hukm, ka iso Al-Ud, gaba kaɗan ga Manfuha, sai ka ga fararen riguna masu guga suna raguwa, kayan aiki masu tabon fenti da siminti suna ƙaruwa, fuskoki suna ƙara duhu: Yamalawa, Bangalawa, Indiyawa, Habashawa, Sudaniyawa, da namu. Da safe kuwa kogin yana juyawa ne, kudu ta kwarara arewa domin yi mata aiki.

Dole a yi adalci: babu wata doka da ta ware wa baƙar fata wurin zama. Taragon ya kasu uku ne, ajin farko mai riyal 10, sashen iyali na mata da masu iyali, da sashen gwauraye. Duk mai riyal goma zai shiga ajin farko ko wane irin launi gare shi. Amma da yake mafi yawan ma'aikata baƙi sun baro matansu a gida, sashen gwauraye shi ne nasu, kuma a nan ne abin da nake magana a kai ya fi fitowa fili.

Da wuya ka ji an ɗaga murya an zage ka. Abin ya fi haka laushi, shi ya sa ma ya fi wuyar kamawa. Tarago ya cika maƙil, mutane suna tsaye suna riƙe da ƙarfe, amma kujerar da ke gefenka babu kowa. Wani ya shigo a gajiye, ya hango ta, ya nufo ta, ya ɗago ido ya gan ka, sai ya tuna cewa ashe tsayuwa yake so ya yi. Tasha ɗaya, biyu, uku, tana nan kamar an yi mata shinge. Da ka tashi za ka sauka, kafin ƙofa ta rufe an cike kujerun biyu. Na ga wani ya ja gefen rawaninsa ya rufe hanci saboda wani Bahabashe ya zauna kusa da shi, alhali bawan Allah ƙamshin sabulu yake yi, da alama ma fitowarsa daga wanka ke nan. Na ga uwa ta janye ɗanta daga kusa da wata dattijuwa baƙa a tashar bas, ita kuwa dattijuwar murmushi kawai ta yi wa yaron. Ga kuma masu matse jaka da lalubar aljihu da zarar ka matso.

Sai harshe. Akwai wani gurɓataccen Larabci da ake yi wa ma'aikata a ƙasashen nan, irin su “inta fi ma'alum?” da “mafi mushkila”, wanda ba nahawu ba sarfu. Mutum bai san ka ba, bai ji muryarka ba, amma da shi zai tare ka, ko da kuwa ka haddace Alfiyya. Sunanka kuwa “ya Muhammad” ko “ya sadik”, kamar na kowane baƙo. In samari ne masu jin tashe, sai ka ji “ya khal”, kalmar da asalinta ke nufin kawu, amma a bakinsu baƙin mutum take nufi. In abin ya yi zafi ne ake kaiwa ga “takruni”, ko kuma wadda ta fi kowace muni, “abd”, wato bawa.

Kada mai karatu ya ɗauka kowa haka yake. Wallahi na sha haɗuwa da dattijon da zai kamo hannunka ya zaunar da kai kusa da shi, ya tambaye ka ƙasarku, ya ba ka labarin maƙwabcinsa Bahaushe na Makka, ya rantse sai ka zo gidansa cin kabsa. Irin waɗannan suna da yawa. Amma alherin wannan ba ya goge rainin wancan, kamar yadda gaisuwar maƙwabci ba ta biyan bashin da wani maƙwabcin ya ci.

Kalmar nan takruni, wadda mu muka mayar takari, ta cancanci a ɗan tsaya a kanta. Takrur tsohuwar daula ce a bakin kogin Senegal, daga cikin na farko da suka karɓi Musulunci a Afirka ta Yamma. Daga baya Larabawan Masar da Hijaz suka riƙa kiran duk alhazan da suka fito daga yankinmu da wannan suna. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da kansa, a cikakken sunan littafinsa Infaƙul Maisur, ƙasashenmu ya kira biladut Takrur. Sunan da malami kuma sarki ya ɗora a goshin littafinsa, shi ne yau yaro ɗan shekara goma sha biyar ke jefa wa sa'an ubansa a tashar bas. Kuma mu ma mun karɓa mun ƙara masa gishiri, domin a Kano in aka ce wance “'yar takari ce”, kowa ya san ba yabo ake yi ba.

Mutanenmu ba jiya suka zo ƙasar nan ba. Tun ƙarnuka da suka wuce alhazai ke takowa a ƙasa ta Barno da Wadai da Darfur, suna noma suna ƙwadago a hanya, wani ya shekara biyar wani goma, kafin su ƙetare Bahar Maliya daga Sawakin. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Turawan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, dubbai suka ci gaba da hijira gabas. Wasu suka tsaya a Sudan tare da ɗansa Mai Wurno, wasu suka zarce Makka da Madina. A 1932 aka yi shelar kafa Masarautar Saudiyya, a 1938 aka tono man fetur. Ke nan akwai zuriyar Hausawa da Fulani da Barebari da suka girmi masarautar kanta a Hijaz. Su ne masu laƙabin Hausawi da Fallata da Barnawi. A gasar cin kofin duniya ta 2018 Hausawi uku ne a tawagar Saudiyya, Usama da Umar da Mu'utaz, kuma Usama ne kyaftin. A Mayun 2023 Rayyana Barnawi ta zama macen Saudiyya ta farko da ta je sararin samaniya. Tun kafin nan, a azumin 2008, Shaikh Adil al-Kalbani, haifaffen Riyad, ya ja salla a Masallacin Harami, abin da jaridun duniya suka ɗauka babban labari saboda launin fatarsa kawai.

Duk da haka, a 2013, a wajen bikin ranar ƙasa a Makka, wata mata ta kira Nawal al-Hausawi baiwa a bainar jama'a. Nawal 'yar ƙasa ce, haifaffiyar Makka, ta yi karatu a Amurka, har lasisin tuƙin jirgin sama gare ta. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya tare mata kalmar. Dalili kuwa a fili yake: sai a 1962 aka haramta bauta a hukumance a ƙasar nan, lokacin Faisal yana firaminista. Akwai tsofaffin da ke raye yau da suka ga bayi da idonsu. Doka tana canjawa rana ɗaya, amma abin da ido ya saba da shi yakan ɗauki jikoki.

To yanzu mu zo kanmu. Wace amsa ɗalibinmu yake bayarwa idan an yi masa kallon banza a tarago? Kusan kullum guda ce: “Ana ɗalib.” Ni ɗalibi ne. Sai ya gyara murya ya saki fasaha irin ta littafi, ya ambaci sunan jami'arsa, in ta kama ya zaro katin makaranta. Sau da yawa abin yana aiki. Mutumin zai ji kunya, ya ce a yi haƙuri, ya ɗauka ma'aikaci ne. Ɗan'uwanmu kuma ya dawo masauki yana ba da labari da alfahari, yadda ya “nuna wa Balarabe ilimi”, ana tafawa. Na ji irin wannan labari ya fi a ƙirga, kuma duk lokacin da na ji sai in tambayi kaina: a kan me aka sasanta? Mai rainin bai janye raininsa ba. Abin da ya ce kawai shi ne ya yi kuskuren wanda zai raina. Ɗalibin kuma ya amince masa da haka, har ya gode. Su biyun sun yarda cewa akwai mutumin da ya dace a tsallake kujerarsa, sun dai saɓa ne a kan ko wannan na cikinsu. Leburan da ke tsaye a gefe yana jin su, kuma Larabcinsa ya isa ya gane abin da aka yanke a kansa.

Abin bai tsaya nan ba. Akwai ɗaliban da in suka ji wata baiwar Allah tana waya da Hausa a tashar bas, ɗauke da ƙunshin kaya, sai su matsa gefe, su juya harshe zuwa Turanci, kada a ce tare suke. Akwai wanda aka tambaye shi hanya da Hausa ya amsa da Larabci. A zaman hira kuwa jimlar da ta fi kowace fita ita ce, “Ai waɗannan 'yan takarin su suke zubar mana da mutunci.” Bahaushe ya ce zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Wanda ya rufe hanci an bar shi, an koma kan matar da ke wanke-wanke a gidajen mutane tana aika wa marayunta kuɗin makaranta a Kurna ko Maraɗi. Ban da wannan, saurari yadda wasunmu ke ambaton Bangali, da irin muryar da suke yi wa mai sharar masauki magana, za ka rantse a nan aka haife su. Tsanin da aka kafa, Bature a sama, ɗan ƙasa, sauran Larabawa, 'yan Asiya, baƙar fata a ƙasa, ba mu ce a kayar da shi ba. Roƙonmu kawai a ɗaga mu taki ɗaya ko biyu.

Na san abin da za a ce mini, kuma ba zancen banza ba ne. Za a ce akwai masu zuwa Umara su maƙale, akwai masu bara a bakin danja, akwai masu aikata abin kunya, kuma kowace ƙasa tana da haƙƙin tsare dokarta. Haka ne. Amma wanda ya ƙi zama kusa da kai bai duba iƙamarka ba. Bai san ko kai mai digiri ne ko mai tallan goro ba. Fatarka ya gani. Sannan yawancin mutanen da ke cika taragon nan da asuba da takardunsu cif, kafili ne ya kawo su. Hasali ma sauye-sauyen da aka yi wa tsarin kafala a Maris ɗin 2021 ba su haɗa da 'yan aikin gida da direbobin gida ba, su ne kuma suka fi kowa rauni. Idan akwai wanda ya kamata mai ilimi ya tsaya wa, ai su ne.

Wanda ke ganin katinsa garkuwa ne, ya tambayi 'yan'uwanmu na Indiya. A Satumbar 2014, a tashar metro ta Rajiv Chowk a tsakiyar Delhi, gungun mutane suka far wa wasu samari uku 'yan Afirka, har suka fake a rumfar 'yan sanda aka bi su ana farfasa gilasanta. Ɗalibai ne su ukun. A Maris ɗin 2017 a Greater Noida, ɗaliban Nijeriya aka bi ana duka har cikin kantin zamani. A Fabrairun 2015 a Paris, magoya bayan Chelsea suka tunkuɗe wani baƙin mutum suka hana shi shiga metro suna waƙar wariya, shi kuwa ɗan Faransa ne da ya taso daga aiki zai koma gida. Kotu ta hukunta huɗu daga cikinsu a 2017. Nan kusa da mu, a Manfuha, tasha biyu daga Al-Ud, a Nuwamban 2013 bayan ƙarewar wa'adin afuwar da aka ba marasa takardu, an yi arangama tsakanin Habashawa da 'yan sanda da wasu mutanen gari, aka rasa rayuka. Cikin 'yan watanni aka mayar da Habashawa kimanin 160,000 gida. A irin wannan rana babu mai tsayawa ya saurari fasaharka. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Akwai wani gajeren fim na Jamus da nake so kowane ɗalibi ya nema ya kalla, minti 12 ne kawai. Sunansa Schwarzfahrer, na Pepe Danquart, an yi shi a 1993, ya ci lambar Oscar a 1994. Kalmar a Jamusanci tana nufin mai hawa mota ba tikiti, amma in aka warware ta sai ta ba da “baƙin fasinja”. Wani saurayi baƙi ya zauna kusa da wata tsohuwa a jirgin titi na Berlin, ita kuma ta yi ta zazzaga masa cin mutunci tun daga hawa. Ƙarfin fim ɗin yana wajen fuskokin sauran fasinjoji, waɗanda kyamara ke bi ɗaya bayan ɗaya: wannan yana kallon taga, wancan ya toshe kunne da kiɗa, kowa ya ji amma kowa ya yi gum. Da mai duba tikiti ya shigo, tsohuwar ta fito da nata, sai saurayin ya fizge ya tauna ya haɗiye. Ta ce wa jami'in baƙin nan ne ya cinye mata tikiti, ya ce bai taɓa jin uzurin banza irin wannan ba, ya sauke ta. Shi kuwa ainihin wanda ba shi da tikiti, wani Bature mai babur, babu wanda ya kula shi.

Duk wanda na nuna wa fim ɗin sai ya yi dariya har da riƙe ciki, kuma ya cancanci dariyar. Amma ina da ja a kan ƙarshensa. Saurayin ya yi nasara ne domin ya zaro nasa tikitin mai kyau ya nuna. To da a ce ba shi da shi fa? Da zagin tsohuwar ya halatta ke nan? Fim ɗin, duk da kyansa, ya faɗa ramin da ɗalibanmu ke faɗawa: sai da ya tabbatar mana baƙin nan mai bin doka ne kafin ya ba mu izinin tausaya masa. Ko a Amurka an yi haka. Kowa ya san Rosa Parks da ta ƙi tashi daga kujerarta a Montgomery ranar 1 ga Disamban 1955, rana ɗaya ke nan da ta buɗe metron Riyad, shekara 69 tsakani. Amma wata tara kafin ita, wata yarinya 'yar shekara 15, Claudette Colvin, ta yi daidai abin da ta yi. Shugabannin baƙaƙen fata suka ga ba ta dace a sa ta gaba ba, yarinya ce 'yar talakawa. Sai ga shi tana cikin mata huɗun da ƙararsu ta sa kotu ta rushe wariyar bas ɗin a 1956.

Abin da ke ƙara ba ni mamaki shi ne unguwar da duk wannan ke faruwa. Sunan Al-Ud ya shahara ne saboda maƙabartarta. A nan aka binne Sarki Abdul'aziz a 1953, da Faisal, da Khalid, da Fahad a 2005, da Abdullah a 2015, cikin kaburburan ƙasa marasa suna, ba gini ba ado, kamar na kowane talaka. 'Yan jaridar Turai kan cika da al'ajabi duk lokacin da aka yi irin wannan jana'iza. Al'ummar da ta iya daidaita sarki da talaka a cikin ƙasa ba ta rasa koyarwar da za ta daidaita su a kan kujera ba. Kowane yaro a nan ya san matsayin Bilal, ya san huɗubar bankwana. Saboda haka mai neman hujja a kan mai raini ba ya bukatar aro daga waje, kuma wannan hujja ba ta bambanta ɗalibi da lebura.

Laifi tudu ne, don haka kada mu manta da gida. Wanda ya taɓa shiga danfo a Legas ya san yadda kalmar “aboki”, wadda a wurinmu zuma ce, ke komawa zagi a bakin kwandasta. A Maris ɗin 2025 a Uromi ta Jihar Edo aka tare motar da ta ɗauko mafarauta 'yan Arewa daga Fatakwal za su gida salla, aka kashe 16. Mun yi kuka, kuma muna da gaskiya. Amma a motocinmu na Kano da Zariya fa, me fasinja Ibo yake ji in an ce “inyamiri”, ko mutumin kudancin Kaduna in an ce “arne”? Sau nawa aka yi wa Bafulatanin daji ko Buzu dariya a cikin bas saboda Hausarsa, kowa ya taya? Wanda ya ɗanɗani kujerar da ba a zama a Riyad, ya kamata kunnensa ya canja kafin ya koma Ƙofar Ruwa.

Ba kuma cewa nake yi ɗalibi ya riƙa tayar da rigima a ƙasar mutane ba. Baƙi ne mu, da iƙama a aljihu da iyaye masu jiran sakamako. Amma tsakanin faɗa da miƙa wuya akwai fili mai faɗi. Saudiyya ta shiga yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta kawar da wariyar launin fata tun 1997, kuma dokar ɗa'a a bainar jama'a ta 2019 ta hana cutar da mutane da magana ko aiki a wuraren taruwa, har da abubuwan hawa. Nawal al-Hausawi ta kai ƙara, aka ba ta haƙuri, sannan ta yafe. In an kira ka da sunan banza, ya wadatar ka tambayi mutum cikin natsuwa me ya sa ya faɗi haka, ba tare da ka jero masa digirorinka ba. In ya ce ya ɗauka lebura ne kai, ka tambaye shi, to shi leburan fa? In ka ga kujera a gefen Bahabashe ko Bangali an bar ta, ka je ka zauna. In an yi maka Hausa, ka amsa da Hausa.

Ga shugabannin ƙungiyarmu kuma ina da roƙo. Duk shekara in sababbin ɗalibai sun iso, nasihar da ake fara yi musu ita ce su riƙa yawo da katinsu, su kuma yi nesa da “'yan zaman gari”. Ta farkon a ci gaba da yin ta, doka ce. Ta biyun ce nake so a sake dubawa. A Al-Ud da Manfuha da Gubaira akwai dattawanmu da suka shekara talatin da arba'in a birnin nan, direbobi da teloli da masu gadi, waɗanda suka san asibitin da za a kai mara lafiya da ofishin da ake bi in an yi rasuwa, kuma su ake nema da tsakar dare in ɗalibi ya shiga matsala. A taron maraba na baɗi, a gayyato biyu ko uku daga cikinsu, a ba su kujera a gaba tare da malamai, a miƙa musu lasifika.